Kyanwa ta ƙi cin abinci

Yara, kun san kyanwa. A wasu wurare ana ce mata mussa ko mage. Ita ce ke tsare mana rumbu daga ɓeraye. Kyanwa mai lafiya tana cin abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. In ta ƙi ci, to akwai dalili.

Da hanci kyanwa take zaɓen abincinta. In mura ta toshe mata hanci, ba ta jin ƙanshi, sai ta bar kwano cike. Ciwon haƙori, miki a baki, ko ƙayar kifi da ta maƙale mata, duk suna hana ta ci. Haka ma tsutsar ciki da zazzaɓi. Wani lokaci kuma tsoro ne: an kai ta sabon gida, ko kare yana korar ta.

Kyanwa ba ta jure yunwa kamar kare. In ta yi kwana 2 ko 3 ba ta ci kome ba, kitsen jikinta yakan fara taruwa a hanta, har hantar ta kasa aiki. Kyanwa mai ƙiba ta fi shiga wannan haɗari. Ɗan kyanwa kuwa, yini 1 ma ya yi masa yawa.

Me za mu yi? Mu ajiye mata ruwa mai tsabta a inuwa. Mu goge mata hanci da tsumma mai laima. Mu ba ta dafaffen nama ko kifi marar ƙaya, da ɗan ɗuminsa, don ƙanshi ya tashi. Kada mu sa albasa ko tafarnuwa, suna ɓata mata jini. Kada mu ba ta maganin mutane: ƙwayar farasitamol ɗaya tana iya kashe ta.

In tana dalalar da yawu, tana neman cizo, kada ku taɓa ta. Wataƙila ciwon haukan kare ne, kuma yana kama mutum. Ku gaya wa manya nan da nan.

Mu riƙe: kyanwar da ta kwana 2 ba ta ci ba, sai a kai ta wurin likitan dabbobi.

Tambayoyi
1. Don me mura take hana kyanwa ci?
2. Wane magani ne ba a ba kyanwa?
3. Yaushe za a je wurin likitan dabbobi?