Gasar Da Ta Mai Da Malamai Almajirai

  

Duk wanda ya san ƙasar Funtuwa da Malumfashi ya san yadda kaka take. In an yanke dawa, an karye masara, an tsince auduga an kai ta sikeli, sai hankalin manomi ya kwanta, makarantun allo su cika. Da dare a hura wuta da kara, almajirai su kewaye ta, kowa da allonsa bisa cinya. A da, in an tashi karatu, yara sukan zarce wurin tsofaffin mata su sha tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi har barci ya kwashe su. Yau tsohuwa tana nan, amma jikanta ya tafi leƙen wayar yayansa. Abin da ke shiga kunnensa a can, malaminsa bai sani ba, ubansa ma bai sani ba.

Malamai suna kuka da wannan, kukansu kuwa gaskiya ne. Amma in an ce da malami ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa yaran nan labarin da zai riƙe su, sai ya murtuke fuska. Shi da ya sauke, ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya ƙure Risala har ya shiga Muhtasar, a ce ya koma ga tatsuniya? To, wannan amsa ba sabuwa ba ce. An taɓa ba da ita a shekarar 1933, ga kuwa yadda abin ya ƙare.

A shekarar nan akwai wani ofishi a Zariya, aikinsa shirya wa makarantu littattafai, shugabansa wani Bature ne, Dokta Rupert East. Ya duba ya ga yara suna koyon karatun boko amma ba su da abin karantawa mai daɗi da Hausa. Sai ya zaga manyan garuruwan Arewa, ya tara masu ilmi, ya ce an sa gasa, kowa ya ƙago labari mai tsawo daga kansa ya aiko. Shi da kansa ya ba da labari daga baya cewa ya sha wuya kafin malamai su yarda, gama a ganinsu alƙalami na addini ne da shari'a da tarihi, ƙagen labari kuwa aikin mata ne da yara. Duk da haka waɗansu suka gwada. Aka zaɓi biyar aka buga: Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East.

Biyu daga cikin biyar ɗin nan daga Katsina suka fito, kuma daga gida ɗaya, gama Malam Bello wan Malam Abubakar ne, ubansu kuwa malami ne, alƙali. Ƙanen yana da shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina, ba abin mamaki ba ne saurayi ya shiga gasa. Abin dubawa shi ne wan. An haife shi a 1890, watau ya ba arba'in baya, ya daɗe yana karantar da Larabci da addini a Kwalejin Katsina, almajiransa sun zama manya. Mutum irin wannan ba ya bukatar a san shi. Amma ya zauna ya koyi sana'ar da bai gada ba, ya jera takardarsa da ta ƙanensa gaban alƙali ɗaya, ya yarda a auna shi. Ya ɗauko yaƙin Kwantagora da Turawa, abin da ya auku yana yaro, ya saƙa shi da labarin ƙasashen aljannu, ya fid da jarumin da har yau ake kiran sunansa. Wannan bai rage masa girma ko ƙwayar zarra ba, daga baya ma shi ya zama Walin Katsina. Gemu dai ba ya hana ilmi.

Shi kuwa Malam Abubakar Imam, gasar ba ta sake shi nan da nan ba. East ya duba rubutunsa ya gane akwai labarun da ya ɗebo daga littattafan da ya karanta, ya gaya masa a fili, aka gyara. Wani da ya yi fushi ya jefar da alƙalami. Shi sai ya ɗauki gyara. A 1936 aka ɗauko shi daga Katsina zuwa Zariya, aka tara masa littattafan hikaya na Larabawa da na Hindu da na Turawa, ya yi wata shida yana karatu yana rubutu kamar sabon almajiri. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, aka buga tsakanin 1937 da 1939. Aro bai daina ba, amma yanzu ya iya: ya kan ɗauko labari daga Bagadaza ko Jamus ya tuɓe masa tufafinsa, ya sa masa riga da rawani, ya zaunar da shi a fada ko kasuwa, har mai karatu ya rantse a garinsu aka yi.

Mai lura zai ga littafin kansa gasa ne da koyo. A na farko aku yana riƙe ɗan sarki Musa da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon mugun Waziri. A na biyu ya kara da wani aku mai suna Haziƙ, kowa ya kawo nasa, a ga gwani. A na uku ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar, yana gwada shi, yana kama masa kuskure. Watau abin da aka yi wa marubucin a Zariya shi ya mayar cikin takarda.

Don 'yan makaranta aka yi littafin, amma ba su kaɗai suka ci moriyarsa ba. Cikin shekarun 1950, da aka ta da Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwan manya a garuruwa da ƙauyuka, Lardin Katsina ma aka yi masa jaridarsa mai suna Himma. A ƙasar auduga dalilin shiga aji a bayyane yake: wanda bai iya karanta abin da malamin sikeli ya rubuta ba, sai abin da aka ce masa. Magidanci ya kan shiga don takardar awo, amma in ya iya haɗa baƙi da wasali sai ya nemi abin da zai karanta kada hannu ya mutu. Nan littafin ɗansa ya yi masa rana. Falke ya saya ya jefa a jaka, a jira jirgin Gusau a tashar Funtuwa, ɗaya na karantawa goma na saurare.

Sauran magana ɗaya, ita ce ta masu cewa ƙagen labari ƙarya ne. Sai a tambaye su, Maƙamatul Hariri da ake karantawa a zaurukan ilmi, Abu Zaidin da ke cikin maƙama hamsin ɗin nan, wa ya ga kabarinsa? Kalila wa Dimna da Ibnul Muƙaffa ya juya zuwa Larabci, wa ya taɓa jin dila ya yi wa zaki fadanci? Malaman da suka gabata sun san bambancin ƙaryar da ake yi don a cuci mutum da misalin da ake bugawa don a farkar da shi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta iya Larabci sarai, amma ta sauko ta tsara wa matan ƙauye karatu da Hausa, cikin ajami, daidai hankalinsu. Saukowar nan ita ce mai wuya.

Sai dai a faɗi gaskiya, gasar 1933 da boko aka yi ta, gwamnatin lokacin boko take so ya tsaya, ajami aka bar shi a baya. Ga sakamakon nan ana gani. A shiga kasuwar Funtuwa ko ta Malumfashi wurin masu littattafai, abin da za a tarar na ajami yawancinsa waƙoƙin wa'azi ne da addu'o'i. Littafin labari wanda yaro ɗan shekara goma zai karanta da baƙaƙen da ya sani tun daga allo, wannan sai an tona. Yaron ya san ɗa mai hannu, ya san kaf lasan, ya san rufu'a da ɗauri, amma ba a taɓa miƙa masa warƙa guda da za ta sa shi dariya da su ba.

Malamin da ya gwada rubuta warƙa biyu kacal zai sha mamaki. Zai tarar sai ya tsai da shawara kan yadda zai rubuta ɓa da tsa da 'ya, gama Larabci ba shi da su, kuma hannun Kano da na Sakkwato ba su cika daidaita a kansu ba. Zai so ya ambaci tsutsar da ke cin auduga, ya ga bai san sunanta ba sai ya tambayi manomi. Zai rubuta kalmar Larabci wadda ya shekara talatin yana faɗi, yaro ya ce mene ne ma'anarta, ya nemi Hausarta ya rasa, sai ya koma ga ƙamus. Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata gare shi, yana Manzo ya yi tafiya neman wanda zai ƙara masa sani, labarin yana cikin Suratul Kahfi, kowane gardi ya haddace shi.

Abin da ya sa malaman 1933 suka motsa shi ne an sa rana, an sa kyauta, an sa alƙali. Wannan bai fi ƙarfin attajiran hatsi da na auduga na ƙasar Sarkin Maska da ta Galadiman Katsina ba. Buhun masara ɗaya ya isa kyauta, inji mai ɗaukar hoton takarda kuwa yana nan a bakin kowace tasha, ba sai an je Zariya ba. Kowane malami ya rubuta nasa da hannunsa tsakanin kaka da bazara. Alƙalai kuwa kada a nemo su daga nesa: a tara almajirai gindin wuta bayan lisha, a karanta musu ɗaya bayan ɗaya ba tare da an faɗi mai shi ba, a sa wani dattijo gefe ya riƙa ƙidaya masu gyangyaɗi.

Allah ya jiƙan Malam Bello da ya rasu a 1971, da Alhaji Abubakar Imam da ya rasu a 1981. Haza wassalam.