Lagireton Akori-kurar Kawu

Daminar 2022 ta zo wa mutanen Jigawa da ruwan da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Kogin Haɗeja, wanda ke kwaso ruwan Kogin Kano da na Challawa ya biyo ta Wudil da Ringim, ya cika ya batse. Kacalla ta toshe masa hanya daga ƙasa, sai ya fantsama cikin gonaki da ƙauyuka. Ringim da Taura da Jahun da Miga da Auyo da Kafin Hausa duk sun ji a jikinsu. A faɗin Najeriya kuwa, gwamnati ta ce mutum sama da 600 ne suka rasu a ambaliyar wannan shekara, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu. A cikin wannan hali ne kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya canza wa motarsa lagireto a ƙofar gidansa, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Taura, ba bakanike, ba gareji, ba wutar lantarki. Ni ma ruwan ya ritsa da ni a can, don haka abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Motar Fijo 504 ce, akori-kura, haɗin Kaduna. Wanda ya tashi a Arewa ya san wannan mota ba sai an gabatar masa da ita ba. A 1968 ta fara fitowa a Faransa, a 1975 kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antarsa a Kakuri, Kaduna. Turawa sun daina ƙera salun ɗinta tun 1983, amma mu muka riƙe ta har wajen 2006, saboda ita ce ta iya hanyoyinmu. Kawu tsohon malamin firamare ne. Da kuɗin sallamarsa ya saye ta hannun wani ɗan kasuwa, kuma duk Lahadi ita ke kai buhunan mutanen ƙauyen da awakinsu kasuwar Gujungu. Mota guda ke nan mai tafiya a duk garin.

Da ruwa ya shanye burjin da ya haɗa ƙauyen da titi, katangun ƙasa suka fara jiƙa daga tushe suna zubewa, sai maigari ya ce a kwashe mata da yara da tsofaffi zuwa wata makarantar firamare da ke kan tudu. Babura sun kasa. Shanun amalanke suna tsoron ruwan. Kawu ya shiga jigila tun hantsi, ya kai ya dawo, ya kai ya dawo. A wata dawowa da ya yi ba kowa a baya, ya faɗa wani kwari da ruwa ya ƙara zaizayewa, ruwan ya haura bamba. Muna tsaye a bakin gari muka ji ƙara, ƙararas! Sai tururi.

Abin da ya faru shi ne wannan. Fankar da ke bayan lagireto injin ne ke juya ta da fanbel. A asalin ƙirar Fijo da yawa, fankar ba ta kamawa sai injin ya yi zafi, amma makanikanmu sun saba ɗaure ta tam, ta riƙa juyawa ko da yaushe saboda zafin ƙasarmu. Ta Kawu ma a ɗaure take. Fukafukan da aka yi don su ja iska, da suka nutse cikin ruwa sai suka lanƙwashe gaba, suka yagi cikin lagireton. Kawu bai ƙara taka mai ba, nan take ya kashe injin. Wannan ne ya ceci motar, domin kan injin Fijo na alminiyam ne, gangar jikinsa kuma baƙin ƙarfe. In ya yi tafiya ba ruwa, kan zai karkace, gaskit ya ƙone, shi ke nan sai aikin Kano. Samari suka shiga ruwa har ƙugu suka turo ta gida.

Shawara ta yi yawa. Wani ya ce a zuba garin barkono, wani ya ce farin ƙwai, wani ya kawo sabulu. Duk dabaru ne da direbobi ke yi a hanya in ramin ɗan tsili ne, kuma sukan kai mutum gari, ko da yake daga baya su ne ke toshe lagireton. Kawu ya sa tafin hannunsa a kan yagewar, bai rufe ta ba. Ya ce, “Jama'a, wannan ya fi ƙarfin barkono.” Sayen wani kuwa sai an je Ƙofar Ruwa a Kano, ga hanya a yanke, ga sauran mutane suna zaune a kan ƙunshin kayansu suna kallon sama.

Bayan gidan maigari akwai wata matacciyar Fijo salun, ta yayansa marigayi, tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, kaji ne ke kwana a ciki. 'Yan gwangwan sun sha zuwa taya ta, yana hana su. Kawu ya je ya durƙusa.

“Ranka ya daɗe, aron wani abu na zo a jikin motar marigayi.”

“Malam, in dai mutanen nan za su fita, ka kwance ta duka. Allah Ya kai ladan kabarinsa.”

Da aka ɗaga bonet, lagireton yana nan, irin na da, na jan ƙarfe da tagulla, mai nauyi. Zanzaro ya yi gini a bakin da tiyo ke shiga, ƙura da gashin kaji sun cike tsakanin raga-ragansa. Kawu bai yi gaggawar ɗaura shi ba, duk da mutane suna ta azalzala. Ya sa aka kifa shi, aka riƙa ɗura ruwa ta bakin ƙasa yana fita ta sama, wato akasin yadda yake bi a mota, ana jijjigawa, jan ruwa mai tsatsa yana zuba har ya koma fari. Sannan ya yi abin da ya fi burge ni. Ya yanko tsohon tub na keke, ya ɗaure gefe guda a bakin sama, ɗayan a bakin ƙasa, bawul yana tsakiya. Ya rufe murfi, ya nutsa lagireton cikin kwamin da shanu ke shan ruwa, ya ce in buga famfon keke a hankali. Muka sunkuya muna kallo. Can sai ga ƙananan kumfa suna tasowa a jere daga wuri biyu: ɗaya a haɗin tankin sama, ɗaya a jikin wani siririn bututu. Ya ɗauki ƙusa ya yi musu alama.

Aka kira maƙerin garin, dattijon da ke facin butoci da fitilun aci-bal-bal tun muna yara. Ya zo da gawayi da zugazugi da guntun dalma. Ya kankare wurin har ya yi ƙyalli, ya gasa ƙarfensa, ya ɗora, dalmar ta narke ta bi tsagin ta shige. Siririn bututun kuwa ya ce ba zai faci ba, sai ya matse shi da filaya sama da ƙasa ya like bakunan. Ya ce wa Kawu, “Malam, guda ɗaya ka rasa cikin masu yawa, ba za ta sani ba.” Aka sake nutsawa, ba kumfa ko ɗaya.

A nan zan faɗi ra'ayina. Lagireton da ke zuwa a motocin yanzu na alminiyam ne da tankin roba. Ya fi sauƙin nauyi, yana sanyaya injin sosai, ban musa ba. Amma ran da ya tsage a ƙauye, ba maƙerin da zai iya yi masa komai da gawayi da dalma. Da irinsa ne a cikin motar marigayi, da rana ta daɗe da busar da robar, da kuma ba wannan labari nake ba ku ba.

Ɗaurawar kanta ba ta da wuya ga mai natsuwa. Kawu ya cire kan batir. Ya sassauta kilif ɗin tiyon sama da na ƙasa, ya murɗa su a hankali har suka saki, bai fizga ba don kada bakin famfon ruwa ya karye. Ya kwance notocin da ke riƙe da lagireton, muka zaro yagaggen. Fankar ta rasa fiffike guda, ya ce ba za a mayar da ita ba, domin fanka mai giɓi rawa take yi, kuma rawar nan famfon ruwa take kashewa. Aka kwanto ta salun ɗin. Robobin da lagireto ke zama a kansu sun ruɓe, sai ya yanka gefen tsohuwar taya ya huda. Maɗaurin sama bai zo daidai ba, maƙeri ya lanƙwasa wani ɗan ƙarfe ya cike tazarar. Magariba ta yi ana cikin aiki, ina riƙe da tocila, sauro ya hana kowa tsayawa wuri ɗaya. Kawu ya juya fankar da hannu zagaye guda, ya tura yatsu biyu tsakaninta da lagireton, sannan ya ce, “To, yanzu a kawo ruwa.”

Ruwa ya kewaye gari, amma ya ƙi na ambaliya saboda laka, ya ƙi na rijiya saboda yana barin farin ɓawo a cikin bututu. Ruwan sama da matarsa ta tara a randa ya sa aka tace da ɗankwali. Ta sha kusan lita 8. Ya tayar da ita murfi a buɗe, iskar da ta maƙale tana fita, ruwan yana sauka yana ƙarawa. Ya dafa tiyon sama har ya ji ya ɗauki zafi, ya leƙa ƙasa da tocila. Ko ɗigo babu.

Da asuba aka koma jigila, amma da sabon tsari. In an zo bakin kwarin sai ya tsaya, ya sassauta fanbel ya cire, a ɗaura buhun taki a gaban mota, ya shiga da giya ɗaya ba tsayawa. Da ya haye sai ya mayar da fanbel nan da nan, tunda in babu shi famfon ruwa ma ba ya juyawa. Haka aka kwashe sauran mutane, har da wata tsohuwa makauniya da aka ɗauko a kan tabarmarta, da buhunan iri na baɗi. A daren ranar, gidajen da ke gefen fadama da dama suka zube, ba kowa a ciki.

Kawu ya so ya biya maigari bayan ruwa ya janye, maigari ya ƙi karɓa. Yagaggen lagireton ma bai tafi a banza ba, an kai shi Kano an sake masa ciki, yana rataye a zauren Kawu don wata rana. Na marigayi kuma shi ne a jikin akori-kurar har yau.

Mai tsohuwar mota, in 'yan gwangwan suka zo maka da sikeli suna taya lagireton jan ƙarfe, kada ka sayar. Ka wanke shi, ka toshe bakunansa da tsumma, ka rataye shi inda ruwa ba ya taɓawa. In kuma damina ta tilasta maka ratsa ruwan da ya kai bamba, ka cire fanbel kafin ka shiga.