Zaman Baƙunci a Tunanin Malaman Yahudawa

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, hantsi na yi sai ya tashi. To, ina ga baƙon da ya kwana ɗaruruwan shekaru a ƙasar mutane? Wannan tambaya ce malaman Yahudawa suka daɗe suna juyawa. Sunan da suka ba wannan zama a harshen Ibraniyanci shi ne "galut", watau rayuwa nesa da ƙasar kakanni.

Asalin al'amarin tun shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa ne, lokacin da Nebukadnezzar, sarkin Babila, ya rushe birnin Ƙudus, ya kwashe manyan gari zuwa ƙasarsa. Rumawa kuma suka sake rushe babban ɗakin ibadarsu a shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa. Daga nan cibiyar rayuwarsu ta koma ga littafi da makaranta.

Darasi na farko ya shafi abin da baƙo zai yi wa mai masaukinsa. Irmiya ya aika wa waɗanda aka kai Babila wasiƙa, ya umurce su da su gina gidaje, su yi shuka, su nemi alherin garin da suke ciki. A ƙarni na 3, wani malami mai suna Shamuwel, shi ma a Babila, ya kafa ƙa'idar cewa dokar hukuma a kan haraji da dukiya ta hau kansu. Da haka suka riƙe addininsu ba tare da sun yi wa sarakuna tawaye ba.

Darasi na biyu ya shafi haƙƙin baƙon kansa. Attaura ta maimaita umurnin kyautata wa baƙo, dalilin da ta bayar kuwa shi ne su ma sun taɓa zaman baƙunci a Masar. Ke nan wanda ya ɗanɗani wulaƙanci ba shi da uzurin ɗora shi a kan wani.

Da ƙiyayya ta tsananta a Turai, sai ra'ayi ya rabu. A 1896 Theodor Herzl ya ce magani shi ne su sami ƙasa tasu. Simon Dubnow, masanin tarihi, ya ce su zauna inda suke, su mallaki makarantunsu da harshensu. Ƴan Nazi suka kashe shi a Riga a 1941.

Hannah Arendt ta gudu daga Jamus a 1933, ta yi shekaru da dama ba ta da takardun wata ƙasa. A littafinta na 1951 ta nuna cewa wanda aka raba da ƙasarsa ba shi da alƙalin da zai kai wa kuka. Saboda haka haƙƙi na farko shi ne mutum ya sami al'ummar da za ta ƙidaya shi a cikin ƴaƴanta. Ta kuma lura cewa kafa Isra'ila a 1948 ya haifar da sababbin ƴan gudun hijira, Falasɗinawa kimanin 700,000.

Ya ku masu karatu, musamman ma'aikatan da ke sa hannu a takardun shaida, ƴar takardar nan ba ƙaramin abu ba ce. Ita ce ke buɗe wa yaro ƙofar makaranta, ita ce ke sa alƙali ya saurari ubansa.