Takin lambunki da gansakukar tafki

Iyayena mata, mun sha ganin ruwan tafki ya koma kore shar, har yana wari. Gansakuka ce, kuma sau da yawa daga lambunmu abincinta yake fitowa.

Yadda yuriya da NPK 15-15-15 suke ciyar da alayyafo da tumatir, haka suke ciyar da gansakuka. In kika barbaɗa taki a sama, ruwa ya kwashe shi zuwa tafki, sai ta yi ta yaɗuwa. In ta mutu tana ruɓewa, sai iskar da kifi ke shaƙa ta ƙare, kifi ya mutu. Wata ma tana da guba ga yara da awaki, kuma tafasa ruwan ba ya kashe gubar.

To, a nan Damari me za mu yi? Ki tona ɗan rami gefen shuka, ki zuba taki, ki rufe. Kada ki sa in hadari ya haɗo. Ki bar ciyawar bakin ruwa ta tare shi. Tarin kashin awaki ma ki nisanta shi da tafki.

Ki tuna, da rancen asusu kika sayi takin nan. In ruwa ya tafi da shi, bashin yana nan.