Rage Ƙiba Ta Hanyar Gyara Gida da Zaman Jama'a

Mutane da yawa sun sha ɗaura niyyar rage ƙiba, su ƙaurace wa abinci na mako biyu ko uku, daga baya su koma gidan jiya. Ba raunin zuciya kaɗai ke kawo haka ba. Abin da kake ci yana bin abin da ke kusa da hannunka, da mutanen da kake zama da su, da hanyar da kake bi kullum. Idan waɗannan ba su sauya ba, da wuya jiki ya sauya. Wannan bayani zai nuna maka yadda za ka gyara su, ko a unguwar Zariya ta birnin Maraɗi kake, ko a Tibiri, ko a Jiratawa.

Yaya za ka gane ƙibarka ta wuce kima?

Ka auna nauyinka da kilo, ka auna tsawonka da mita. Ka ninka tsawon da kansa, sannan ka raba nauyin da abin da ka samu. Misali, mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 85 zai raba 85 da 2.89, ya samu 29.4. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 kuwa ƙiba ce mai haɗari. Ka kuma auna ƙugunka: idan ya kai santimita 94 ga namiji, ko 80 ga mace, kitsen ciki ya fara taruwa. Wannan kitse yana buɗe ƙofa ga ciwon sukari, hawan jini, shanyewar ɓarin jiki da ciwon gwiwa. Hukumar ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba.

Ba sai ka rame ba kafin ka ga amfani. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya bi mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 85, wannan kusan kilo 6 ne kawai.

Zama da maɗaukin kanwa

A 2007 masana biyu, Nicholas Christakis da James Fowler, sun buga nazarin bayanan mutum 12,067 da aka tara tsawon shekara 32 a binciken garin Framingham na Amurka. Sun gano cewa idan abokin mutum ya yi ƙiba, yiwuwar shi ma ya yi tana ƙaruwa da kashi 57 cikin 100. Idan ɗan'uwansa ne, kashi 40. Idan mijin ko matar ce, kashi 37. Wasu masana sun ce wani ɓangare na wannan ya samo asali ne daga yadda mutane ke zaɓar abokai masu hali irin nasu. Ko ma dai yaya ne, darasin bai sauya ba: waɗanda ke cin kwano ɗaya, ɗabi'arsu ɗaya ce. Ba a ce ka rabu da abokanka ba. Abin nema shi ne ku sauya abin da kuke yi idan kun haɗu.

Fada da shayi

Ka lissafa sukarin da kake sha a fada. A ce kofi uku kake sha a zama ɗaya, kowanne da ƙwayar sukari biyu, kowace ƙwaya kuma kusan giram 5 ce. Giram 30 ke nan. Idan ka zauna safe da dare, ya zama giram 60, wato kilo 1.8 a wata. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a rana, kuma giram 25 ya fi. Kwalbar lemo ɗaya ma tana ɗauke da wajen giram 35.

1. Ka nemi mai dafa shayi ya zuba maka naka kafin ya sa sukari, ko ku amince a rage shi kaɗan-kaɗan kowane mako, har harshe ya saba.
2. Ka tsaya a kofi na farko.
3. Ka ci abincin dare a gida kafin ka fita, domin mai yunwa ba ya wuce mai tsire ko mai indomi.
4. Ka tashi da wuri. Wanda barcinsa bai kai awa 7 ba yakan fi jin yunwa washegari.

Cikin gida

Uwargida, ludayi a hannunki yake, don haka gyaran gida daga wajenki zai fara. Cokalin miya ɗaya na man gyaɗa yana da kalori kusan 120. Ki riƙa auna mai da cokali, kada ki tuttula daga kwalba. Ki rage suya, ki yawaita dafuwa da gashi. Ki dama hura da nono ba tare da sukari ba. Wanda ke so ya sa da hannunsa. Gero da dawa da ba a cire dusarsu duka ba, da wake, sun fi farar shinkafa, taliya da burodi riƙe ciki.

Wanda ke son rage ƙiba ya samu kwanonsa daban, ƙarami, domin a akushin taro ba ka sanin yawan lomar da ka kai. Rabin kwanon ya zama ganye, sauran tuwo da wake ko nama kaɗan. A bar tukunya a madafa, kada a kawo ta wurin cin abinci. Kada a ajiye lemo da biskit a inda ido zai gan su. A ajiye ruwa, gwaba ko mangwaro.

Ganye bai yi muku nisa ba. Garaken noman rani na Jiratawa da na bakin Gulbin Maraɗi suna kawo zogale, salad, kabeji, tumatir da albasa kasuwannin birni. Ana so kowa ya ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Kwaɗon zogale abinci ne mai kyau, muddin ba a cika masa mai da ƙuli-ƙuli ba.

Kan hanya

Tun da aka tayar da garin Maraɗi zuwa tudu bayan ambaliyar 1945, birnin yake ta faɗaɗa, kuma yau kabu-kabu da adaidaita sun maye gurbin ƙafa. Ana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 a kwana biyar. Ka taka zuwa masallaci, kasuwa ko wurin aiki idan ba su yi nisa ba. Idan da nisa, ka sauka kafin ka isa. Bayan sallar asuba ko da la'asar sakaliya ya fi, musamman a watannin Afrilu da Mayu na tsananin zafi. Ka nemi aboki ku riƙa fita tare, domin wanda ake jira a ƙofar gida ba ya komawa barci. Mata su haɗu da maƙwabta su tafi barka, gaisuwa ko makarantar Islamiyya a ƙafa.

Biki, azumi da maganar mutane

A wurin suna ko ɗaurin aure, ka ɗebi abinci sau ɗaya, ka nemi ruwa maimakon lemo. Idan aka matsa maka, ka yi godiya ka ce likita ya sa maka iyaka. Ba wanda zai ga laifinka. Da azumi, ka sha ruwa da dabino, ka yi sallah, sannan ka ci a natse. Kada soye-soye su cika faranti kowace rana.

Wasu na ganin ƙiba alamar wadata ce, har su tambaye ka ko lafiya idan ka ragu. Ka sanar da iyalinka dalilinka tun farko. Ki guji ƙwayoyin sa ƙiba da ake tallatawa mata. Wasunsu na jawo hawan jini da ciwon sukari. Haka nan shayin rage tumbi da ba a san abin da ke cikinsa ba.

Gargaɗi

Wannan shawara ta manya ce masu nauyi fiye da kima. A jihar Maraɗi tamowa na ci gaba da addabar yara, don haka kada a rage abincin yaro, mai ciki ko mai shayarwa. Mai shan maganin sukari ko na hawan jini ya shawarci ma'aikacin lafiya kafin ya sauya cimarsa. Idan kana ramewa ba da niyya ba, ga ƙishirwa, yawan fitsari ko tari mai daɗewa, ka je asibiti ba da ɓata lokaci ba.

Ka zaɓi sauyi ɗaya ko biyu a wannan mako, ka riƙe su har su zama jiki, sannan ka ƙara. Rage rabin kilo a mako ya wadatar. Ka riƙa auna nauyinka sau ɗaya a mako, a sikeli ɗaya, ka rubuta, ka nuna wa ma'aikacin lafiya na cibiyar unguwarku.