Ko Ka Sani? Ruwan Motar Kwana-kwana Minti Shida Ne

Duk inda gobara ta tashi, daga Zangon Kwatano har Sabon Garin Kano, akwai ƙorafin da ba ya tsufa: wai 'yan kwana-kwana sun iso da jiniya, sun ɗan watsa ruwa, sai suka ce ya ƙare. Ni dai ina ganin ana ɗaukar alhakinsu. Motar kashe gobara ta yau da kullum a tsarin Faransa, wanda Jamhuriyar Benin ta gada, tankinta kimanin lita 3,000 yake ci. Babbar mesa ɗaya kuwa tana fitar da lita 500 a minti guda. Ka ga minti shida ke nan. In aka buɗe biyu, uku.

Ruwan tankin guzuri ne kawai, na riƙe wuta kafin a samu inda za a jona. Abin da ake sayen motar dominsa shi ne famfon da ke jikinta. A cikinsa akwai faifai mai fikafikai, wanda injin motar ne da kansa ke juya shi bayan ta tsaya. Ruwa na shiga ta tsakiyar faifan, juyin ya wurga shi gefe da ƙarfi, ya bi mesa. Irin wannan famfo yana iya tura lita 2,000 a minti, muddin akwai abin turawa.

Amma yana da rauni: ba ya iya zuƙar iska. Kafin ya ja ruwa daga tafki ko rijiya, sai wani ƙaramin famfo ya fara kwashe iskar da ke cikin tiyon. Daga nan nauyin iskar sararin sama ne ke danna ruwan ya hau, kuma wannan nauyi yana da iyaka. A lissafi bai wuce mita 10 da ɗoriya ba, a aikace kuwa mita 7 zuwa 8. Komai girman injin, ba ya ƙetare wannan. Don haka rijiyar da sai an yi gaba goma kafin a tarar da ruwanta, irin ta wasu garuruwanmu na arewa, ba ta da amfani ga motar komai yawan ruwan da ke cikinta.

Ta wannan fuskar Kwatano ta yi dace. Birnin na zaune ne tsakanin teku da tafkin Nokoué, ruwa na kusa da doron ƙasa, kasuwar Dantokpa ma, wadda ta sha mummunar gobara a 2015, a bakin ruwa take. Sai dai rijiyar gida ba ta jure wannan zuƙa, nan da nan take ƙafewa, ga yashi da ke toshe rariyar bakin tiyo. Ga kuma hanya: motar da ta ɗauko tan uku na ruwa ba ta ratsa lungu ko cunkoson 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, yadda mai kira yake so.

Wata wutar ma ruwa ƙara ta yake yi. Fetur ɗin kpayo da ake jerawa a kwalabe bakin titi bai kai ruwa nauyi ba, saboda haka in aka watsa masa ruwa sai ya taso sama, ya bi malalar yana ci. Kumfa ake sa masa, wadda ake haɗawa da kashi 3 ko 6 cikin ɗari na sinadari, ta lulluɓe man ta raba shi da iska. Ranar 23 ga Satumba 2023, gobarar wani rumbun irin wannan mai a Sèmè-Kraké, kan iyakar Najeriya, ta ci rayuka aƙalla 35.

Kashe gobara dai ba aikin ma'aikata kaɗai ba ne. A Faransa, kusan takwas cikin kowane 'yan kwana-kwana goma 'yan sa kai ne masu sana'arsu ta daban. A Amurka, tun 1736 Benjamin Franklin ya haɗa irin wannan ƙungiya a Philadelphia, kuma bokitan fata ne jarinsu. A unguwannin Zango da Sainte-Rita na Kwatano ma, mintunan farko na maƙwabta ne, ko an ba su horo ko ba a ba su ba. Abin da ya fi jeren bokiti amfani shi ne wani ya kira 118, lambar 'yan kwana-kwana a Benin, tun wutar na ƙarama, wani ya kashe lantarki daga mita, a fitar da tukwanen gas, a buɗe hanya, a kuma samu wanda ya san inda bakin famfon gobara mafi kusa yake. Fetur kuwa, in kaɗan ne, yashi ake zuba masa.

Ita ma jar tukunyar nan ta hoda mai kilo 6 da ake ratayewa a shaguna, ba ta kai daƙiƙa 20 tana feshi. Wanda ya auna harshen wutar ya yi asararta; gindin ake aunawa, ana sharowa daga wannan gefe zuwa wancan.