Daren Muzdalifa: Maganinka Ya Kwana a Jikinka



Ranar 9 ga Zulhajji, da rana ta faɗi, alhazai kan bar Arfa su nufi Muzdalifa. A can ake haɗa Magariba da Isha'i, a tsinci duwatsun jifa, a kwana a fili. Tafiyar ba ta kai kilomita 10 ba, amma saboda cunkoso mota kan ɗauki sa'o'i. Babbar jakarka tana tanti a Mina, ba za ka sake ganinta ba sai washegari. Harami kuma ba shi da aljihu. Nan ne masu ciwon sukari da hawan jini da asma suke shiga matsala.

Saboda haka a tanadi 'yar jakar rataye tun daga gida. A zuba maganin kwana biyu a cikin kwalinsa, da takarda mai sunan cutar da sunan kowane magani, da lambar shugaban tawaga. A sa dabino, da gorar ruwa, da ƙunshin ORS. Mai asma ya sa abin shaƙarsa a sama. Katin Nusuk ya zauna a wuya.

Insulin ba ya son zafi. Wanda aka buɗe yakan yi kwana 28 idan zafi bai wuce digiri 30 ba, alhali a Hajjin 2024 zafin Makka ya haura digiri 50, mutum sama da 1,300 suka rasu. A ajiye shi a jakar sanyi, amma kada ya taɓa ƙanƙara, domin idan ya daskare ya lalace.

Wanda ya yi allura bai ci abinci ba, ya kuma sha tafiya, sukarinsa na iya faɗuwa. Alamunsa karkarwa, gumi da jiri. A ba shi dabino uku ko lemo mai zaƙi, a jira minti 15, in bai warware ba a ƙara. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi a kan gefensa, a kira 911 ko 997.

Wasu dattawanmu kan ƙi shan ruwa don gudun layin banɗaki. Wannan haɗari ne, musamman ga mai shan ƙwayar da ke sa fitsari. Kada a daina ta da kai, a tambayi likita kafin tafiya. Wanda jikinsa ya yi zafi rau, maganarsa ta rikice, a kwara masa ruwa, a yi masa fifita, a nemi agaji nan take.

Shari'a ta yi wa masu rauni rangwamen barin Muzdalifa cikin dare, sai a tambayi malamin tawaga. Kowane dattijo kuma ya samu abokin tafiya da ya san cutarsa da inda maganinsa yake.

Allah ya kai ku lafiya, ya karɓi ibadarku, ya dawo mana da ku lafiya.